Kimiyyar Kwamfuta ko Injiniyan Lantarki: Wanne Ya Dace da Ɗalibin Kaduna Mai Son Na'ura?

A kusan kowace unguwa ta Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Kawo, daga Rigasa zuwa Unguwar Rimi, akwai yaron da ake kira idan rimot ya ƙi aiki ko wayar kawu ta cika ta daina ɗaukar hoto. Shi ne ya taɓa kwance rediyon gida ya mayar, kusoshi biyu suka yi saura. Da lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, kowa sai ya ce masa ai shi ɗan kwamfuta ne, shi kuma ya tsaya yana duban kwas biyu da suka yi kama a kunnen iyaye: Kimiyyar Kwamfuta da Injiniyan Lantarki. Kama da wane ba ta wane. Na farko shekara 4 ne, kuma rabin abin da zai ciyar da kai bayan kammalawa kai ne za ka koya wa kanka da dare. Na biyu shekara 5 ne, lissafinsa ya fi nauyi, kuma a ƙarshensa akwai rajistar zama injiniya da doka ta tanada.

Ƙofar shiga

Jarrabawar JAMB darasi 4 ce, tambaya 180 cikin awa 2: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, jimillar maki 400. Mai neman injiniya ba shi da zaɓi, sai Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai neman Kimiyyar Kwamfuta yana da ɗan sarari a darasi na huɗu, domin wasu jami'o'i suna karɓar Bayoloji ko Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa, wasu kuwa Kemistiri kawai suka sani. Saboda haka wanda bai gama yanke shawara ba ya ɗauki Kemistiri, domin ita ce ke barin ƙofofin biyu a buɗe. Kowace shekara ana samun ɗalibin da ya ci maki mai kyau, ya nemi canjin kwas zuwa injiniya, aka tarar Bayoloji ya rubuta, magana ta mutu a nan. Haka nan a sakamakon WAEC ko NECO: kiredit 5 da suka haɗa da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, a zama ɗaya ko biyu. Kuma a je cibiyar jarrabawa a ɗora sakamakon a shafin JAMB da wuri, domin wanda bai ɗora ba makaranta ba za ta iya miƙa sunansa ta CAPS, wato tsarin ba da gurbin karatu na JAMB, ba, ko da makinsa ya kai.

Wuraren karatu kuwa jihar Kaduna ba ta da ƙarancinsu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tana da sashen Kimiyyar Kwamfuta, tana kuma da Injiniyan Lantarki da Injiniyan Kwamfuta a matsayin sassa daban-daban a Samaru. Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, da aka kafa a 2004, tana koyar da Kimiyyar Kwamfuta a cikin gari, abin da ke ba ɗan Kaduna damar zuwa daga gida ba tare da kuɗin haya ba. Cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, da ke Mando tana ɗaukar farar hula a digirin injiniya da na kwamfuta. Sai Kwalejin Fasaha ta Kaduna, wadda kowa ke kira Foli, da ta faro a 1956, da kuma Nuhu Bamalli a Zariya. Gurbin injiniya a Zariya gasa ce ta ƙasa baki ɗaya, don haka cin mafi ƙarancin makin da jami'a ta sanar ba ya nufin an samu shiga.

Abin da za a karanta

Aji ɗaya kusan ɗaya ne ga kowa: Lissafi, Fiziks, Kemistiri, darussan gama-gari da gabatarwar kwamfuta. Daga aji biyu hanya ke rabuwa.

Ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta zai shiga rubuta manhaja, galibi da Python ko Java ko C++, sannan lissafin hujja da dabaru, tsarin adana bayanai, yadda ake auna saurin hanyar warware matsala, rumbun bayanai, tsarin gudanar da kwamfuta, da hanyoyin sadarwa. Abin da ke ba sababbi mamaki shi ne yawan lissafi da ƙarancin taɓa na'ura. Ba za a koya maka gyaran laftof ba, ba za a koya maka zanen kati ko haɗa bidiyo ba. Akwai kwasa-kwasan da za ka rubuta manhaja a takarda da biro a ɗakin jarrabawa, kuma ana iya cin su da hadda. Nan haɗarin yake. Mutum zai iya fita da sakamako mai kyau alhali bai taɓa gina manhajar da wani ya yi amfani da ita ba, kuma mai ɗaukar aiki zai gane haka cikin minti 10.

Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu a ƙarshen 2022, fannin kwamfuta ya rarrabu: akwai Tsaron Intanet, Injiniyan Manhaja, Kimiyyar Bayanai, Fasahar Sadarwa da sauransu. Sunayen suna da daɗin ji, amma a shekaru biyun farko abincinsu kusan tukunya ɗaya ne. Wanda bai san ainihin inda zai dosa ba ya fi masa alheri ya ɗauki uwar, wato Kimiyyar Kwamfuta, ya ware daga baya. Sabon sashe sau da yawa malaman tsohon sashe ne ke koyar da shi.

Ɗalibin Injiniyan Lantarki kuwa a aji biyu zai sha mamakin nasa. Za a sa shi zanen injiniya da fensir da allo, a kai shi wakshof ya riƙe zarto da guduma, ya yi walda, ya karanta ƙarfin ƙarfe da tafiyar ruwa da zafi tare da 'yan kanikanci da 'yan gine-gine. Sai a aji uku lantarki na gaske ke farawa: nazarin da'irar wuta, maganaɗisu da igiyoyinsa, janareto da mota da taransifoma, tiranzista, da lissafin Laplace da Fourier. Aji uku shi ne ƙadangaren bakin tulu. A nan mafi yawan kariyoba, wato faɗuwa kwas a sake shi, ke faruwa, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: kalkulas ɗin aji ɗaya da aka haddace aka ci aka manta. Aji huɗu zango ɗaya ne a makaranta, ɗayan a wurin koyon aiki. Aji biyar ake zaɓar ɓangare, ko samar da wuta da rarraba ta, ko sadarwa, ko sarrafa injina, sannan aikin kammalawa.

Injiniyan Kwamfuta yana tsakiya. Shekara 5 ne shi ma, yana ɗaukar lantarki mai ƙaramin ƙarfi, wato allunan cikin na'ura da ƙananan kwakwalen sarrafawa, ya haɗa da rubuta manhaja, ya bar manyan injina da layukan wuta. Ga wanda zuciyarsa ta rabu biyu da gaske, wannan ne mafi kusa da tauna taura biyu.

Gwada kanka kafin makaranta ta gwada ka

Abin da mutum ke yi da hutunsa ya fi abin da yake faɗa bayyana inda zai dace. Sai dai a rarrabe: son kallon bidiyon sababbin wayoyi da buga wasan ƙwallo a waya ba su nuna komai game da kwas ɗin nan biyu. Abin da ke nunawa shi ne irin wahalar da kake iya zama da ita awa uku ba ka tashi ba. Ga gwaji uku da za a iya yi a hutu ɗaya.

Na farko na kwamfuta ne. Saka Python a laftof, ko a waya idan babu, ka rubuta manhajar da ke lissafa matsakaicin makin ɗalibi. A yawancin jami'o'i A maki 5 ne daga 70 zuwa sama, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma sifiri. Ana ninka makin da nauyin kwas, a tara, a raba da jimillar nauyi. Ɗalibin da ya ci A a kwas mai nauyi 3, C a wani mai nauyi 3, B a mai nauyi 2, ya faɗi wani mai nauyi 2, yana da 15 da 9 da 8 da sifiri, wato 32, a raba da 10, ya tashi 3.20. Rubuta wannan ba zai ɗauki layi 20 ba. Gwajin na gaske yana zuwa bayan ta fara aiki: me za ta yi idan aka rubuta harafi a wurin lamba, ko aka saka maki 105, ko ba a saka kwas ko ɗaya ba ta je raba lamba da sifiri ta tsaya? Yaya za ta riƙe kwas ɗin da aka faɗi aka sake, wanda nauyinsa ke shiga lissafi sau biyu? Idan neman waƙafi ɗaya da ya ɓace ya cinye maka yamma, ka same shi ka ji kamar an yi maka albishir, to wannan aikin naka ne. Idan ka ji kamar ka jefar da na'urar, ka sani haka ranakun mai rubuta manhaja suke har ya yi ritaya.

Na biyu na lantarki ne, kuma takarda da biro kawai yake buƙata da farko. Ɗauki shagon wani a unguwa ka lissafa masa sola. A ce yana da kwan fitila 5 masu wat 10 da ke ci awa 6, wato 300. Fanka 2 masu wat 60 awa 8, wato 960. Talabijin mai wat 80 awa 4, wato 320. Jimilla wat-awa 1,580 a rana. A ƙara kashi 25 cikin 100 saboda asarar da ake yi a inbata da wayoyi da batir, ya kusa 2,000. A Kaduna ana lissafi da kimanin awa 5 na rana mai ƙarfi, don haka ana buƙatar faifan sola na wat 400, kuma mai hankali zai ɗaga zuwa 500 saboda hadarin Agusta da ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan gilashin. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma rabi kawai ake sha idan ana so ya daɗe, saboda haka biyu ake buƙata in galibin amfanin da dare ne. Sai tambayar da ke raba mai ilimi da mai kwaikwayo: me ya sa gara a jera batiran biyu su ba da bolt 24? Domin kaya mai wat 600 a bolt 12 yana jan amfiya 50, a bolt 24 kuwa 25, kuma zafin da waya ke yi yana ƙaruwa ne da ninkin amfiya a kanta, wato rabin amfiya yana nufin kashi ɗaya cikin huɗu na zafi. Wayar da ta yi siriri ita ce ke narkewa a bayan inbata. Firji kuma idan zai tashi yana fizgar ninki da yawa na abin da aka rubuta a jikinsa, shi ya sa inbatar da lissafi ya ce ta isa take ƙara tana mutuwa da an jona shi. Wanda wannan lissafi ya sa shi tashi ya je ya duba solar masallacin unguwarsu ya ga ko an yi daidai, ya san amsarsa.

Na uku yana haɗa biyun. Sayi Arduino Uno ɗaya (ƙaramin allon sarrafawa da ake rubuta wa umarni), allon gwaji mai ramuka, ƙananan fitilun LED, rizista, da ƙaramar mitar awon wuta. Fara da kunna fitila ɗaya: ƙafar Arduino tana ba da bolt 5, jar LED tana shan kusan 2, saura 3, a raba da amfiya 0.02 ya ba da om 150, shi ya sa ake saka mai 220 don a zauna lafiya. Wanda ya jona ba rizista zai ƙona fitilar ko ƙafar. Daga nan gina abin da ke auna ruwan tanki ya kashe famfo idan ya cika. Za ka tarar aikin rabi biyu ne, rubutu da haɗin waya, kuma ɗaya zai fi ɗaya yi maka daɗi. Rabin da ka riƙa komawa kana gyarawa bayan ya riga ya yi aiki, shi ne kwas ɗinka. Gargaɗi ɗaya a nan ba na wasa ba ne: a tsaya a kan batir da ƙaramar wuta. Wutar NEPA bolt 230 ce, tana kisa, kuma ƙaramin rile, wato makunnin da ake sayarwa tare da Arduino, ba ya jure famfo mai ƙarfin doki ɗaya na dogon lokaci, haƙoransa suna ƙonewa su manne, sai da kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa. Wannan ɓangaren sai a gaban mai sana'a.

Kayan aiki

Ɗalibin kwamfuta ba laftof kamar ɗan koyon ɗinki ne ba keke. Ɗakin kwamfutar makaranta ba zai wadatar ba, domin lokacinsa ƙayyadadde ne kuma mutane sun yi masa yawa. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai Core i5 zubi na 8 ko sama, RAM 8, in da hali 16, da ma'adana irin SSD mai 256 ta isa har aji huɗu. Dalilin cewa zubi na 8 shi ne daga nan Windows 11 ke karɓa a hukumance, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoba 2025. Wajen saye a cire caja a ga yadda batir ke sauka cikin rabin awa, a danna kowane maɓalli, a buɗe a rufe a ji ko maɗaurin murfi ya saki, a kuma shiga BIOS a tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri ba, domin da yawa daga kamfanonin waje suka fito. Bayan laftof sai data da wurin caji, waɗanda su ne kuɗin da ba ya ƙarewa.

Ɗalibin injiniya zai iya lallaɓawa aji ɗaya da biyu ba laftof, amma zai sayi kayan zane, rigar wakshof, takalmin kariya da kalkuleta mai kyau. Daga aji uku shi ma sai da ita saboda MATLAB da AutoCAD da manhajojin kwaikwayon da'ira. Aikin kammalawarsa ya fi tsada, domin abu ake ginawa a gani, kuma kayan da ya ƙone sai an sake saye. A ƙara da shekara guda cur ta kuɗin makaranta da abinci da haya. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana biyan kuɗin makarantun gwamnati, yana kuma ba da naira 20,000 a wata ga wanda ya nema, ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Yana rage nauyi, amma ba zai sayi laftof ba. Kuma duk lissafin shekaru a jami'ar gwamnati a bar masa sarari: yajin aikin ASUU ya ci kusan wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022.

Koyon aiki da rajista

SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a waje, wata 6 ne a kwasa-kwasan biyu, 'yan kwamfuta galibi a aji uku, injiniyoyi a aji huɗu. Nan ne ɗalibai suka fi cutar kansu. Ana neman ofis mai sanyi kusa da gida, a zauna ana buga takardu, a cike littafin rahoto da ƙarya, a dawo hannu rabbana. Ɗan lantarki a Kaduna yana da wuraren da zai ga aiki da idonsa: kamfanin rarraba wuta na Kaduna, babbar tashar kamfanin dakon wuta na ƙasa, TCN, da ke Mando, masana'antun Kakuri da Kudenda, kamfanonin da ke kula da turakun sadarwa, ko ma ƙaramin kamfanin sola da zai hau da shi rufi kullum. Ko masu naɗin kwayil da ƙera injina a Panteka suna da abin da za su nuna masa wanda allo bai nuna ba. Ɗan kwamfuta wuraren sun fi masa ƙaranci. Sashen kwamfuta na ma'aikata sau da yawa gyaran firinta ne da jan waya. Ya fi masa ya nemi ƙaramin kamfanin da ke rubuta manhaja da gaske, ko cibiyoyin matasa masu fasaha irin CoLab da ke Barnawa, ko da ba za a biya shi ba. A fara nema tun zangon da ya gabata, ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban bambancin da iyaye ba su cika sani ba shi ne rajista. Aikin injiniya a Nijeriya yana ƙarƙashin COREN, majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wadda aka kafa a 1970. A hanyar jami'a, sai wanda ya yi digirin da ta amince da shi, ya yi aƙalla shekara 4 yana aiki, ya bi matakan tantancewa, sannan zai zama injiniya mai rajista da hatimin sa hannu a kan zane. Amincewar COREN daban take da ta Hukumar Jami'o'i, don haka a bincika duka biyun kafin a karɓi gurbi, musamman a sabon sashe. Fannin kwamfuta ma yana da majalisarsa ta rajista, CPN, amma a kasuwar aiki ba kasafai kamfani ke tambayar ta ba. Abin da ake cewa shi ne nuna abin da ka gina, a buɗe shafinka na GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, a ba ka matsala ka warware a gabansu.

Wannan yana haifar da wani rashin daidaito da ya kamata a auna sosai. Injiniyan lantarki da ya koyi rubuta manhaja da kansa zai iya neman kusan duk aikin da ɗan Kimiyyar Kwamfuta ke nema. Ɗan Kimiyyar Kwamfuta kuwa, ko ya fi kowa iya haɗa sola, ba zai zama injiniya mai rajista ba sai ya koma makaranta. Haka abin yake a cikin jami'a ma: sauka daga injiniya zuwa kwamfuta ya fi sauƙi a kan hawa daga kwamfuta zuwa injiniya.

Hanyar Foli

Wanda bai samu jami'a ba, ko gidansu na buƙatar ya fara kawo wani abu da wuri, kada ya raina Foli. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, da koyon aiki na wata 4 a tsakiya, sai shekara guda ta aiki a waje, sai babbar difloma shekara 2. A lantarki musamman, ɗan Foli yana riga ɗan jami'a iya aikin hannu, kuma bayan ƙaramar difloma zai iya fara wayarin gidaje da haɗa sola yana samun na kansa. Inda gizo ke saƙa shi ne gaba: COREN tana yi wa mai babbar difloma rajista ne a matsayin masanin fasahar injiniya, sai ya ƙara difloma ta gaba da digiri wadda aka amince da ita kafin ya nemi matsayin injiniya. A aikin gwamnati ma tsohon bambancin da ke tsakanin digiri da babbar difloma bai gama mutuwa ba, duk da ƙudurin da majalisar tarayya ta zartar a 2021. Mafita da mutane da yawa ke bi ita ce a yi ƙaramar difloma da sakamako mai kyau, maki 3.00 zuwa sama cikin 4, a shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Shekara 6 ke nan ga injiniya, 5 ga kwamfuta. A kiyaye abu biyu: karatun wucin gadi na yamma ko ƙarshen mako ba ya kai mutum hidimar ƙasa, kuma wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi.

A ɓangaren kwamfuta bambancin Foli da jami'a bai kai haka ciwo ba, tunda aiki ake dubawa, sai dai ga mai son aikin gwamnati ko digiri na biyu.

Bayan kammalawa

Aikin lantarki yana nan a ƙasa, ana ganinsa. Matsalar wuta ta mayar da sola kasuwa a kowace unguwa, asibitoci da makarantu da gidajen burodi da masu noman rani duk suna nema, kuma mafi yawan abin da ake haɗawa ana yinsa ne ba lissafi, shi ya sa batira ke mutuwa cikin shekara. Wanda ya iya lissafin da hannun tare ba zai rasa abin yi a Kaduna ba ko da bai samu aikin albashi ba. Farkon dai da wahala: rana, tsani, tafiye-tafiye, da albashin da ba ya burgewa. 'Yan mata da ke gudun kwas ɗin saboda hawa turaku su sani cewa zane, lissafin kariya, awon mita da sarrafa injina duk aikin tebur da ɗakin gwaji ne.

Aikin kwamfuta rufinsa ya fi tsawo, amma ƙofarsa ta fi ƙunci. Manyan masu ɗauka, bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, suna Legas da Abuja. Ana iya yi musu aiki daga Kaduna, har da kamfanonin waje masu biya da dala, amma wannan sai wanda ya ƙware da gaske, yake da wuta da intanet da ba sa yankewa, kuma yake iya rubuta Turanci mai tsabta. Ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su, irin shafin intanet mai sauƙi, yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna yin su cikin mintuna. Wannan bai kashe fannin ba, amma ya ɗaga matakin da ake fara ɗaukar mutum, ya kuma sa darussan da ɗalibai ke raina wa, tsarin bayanai da rumbu da tsaro, suka fi da daraja, domin da su ake gane inda na'urar ta yi kuskure.

Saboda haka wanda Lissafi da Fiziks ba sa ba shi tsoro, hannunsa kuma yana ƙaiƙayin taɓa waya, ya ɗauki Injiniyan Lantarki ya koyi Python a gefe, domin ya riƙe hanyoyi biyu. Wanda ya ci gwajin farko da daɗi amma lissafin sola ya gundure shi, ya ɗauki Kimiyyar Kwamfuta, da sharaɗin laftof tun aji ɗaya da manhaja aƙalla ɗaya da zai gama kowace shekara wadda wani zai yi amfani da ita, ko ta lissafin bashin mai shago ce ko ta sakamakon Islamiyyar unguwa. Wanda Fiziks ke wahalar da shi tun sakandare kada ya shiga injiniya don a riƙa kiransa Injiniya a gida. Digiri mai daraja ta uku bayan shekara 7 ba zai kai shi inda matsakaicin maki 3.50 cikin 5 a kwamfuta zai kai shi ba, tunda kamfanoni da yawa da masu ba da tallafin karatu daga nan suke fara tacewa. Wanda kuma JAMB ta ba shi kwas ɗin da bai nema ba, ya duba shafin CAPS da kyau kafin ya danna karɓa, domin da zarar ya karɓa, wata makarantar ba za ta iya ba shi gurbi a wannan shekarar ba.